Filin Tambaya da Amsa: Kwanson Harsashin da Aka Tsinta a Fili, Wane Iri Ne?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suke: mutum ya tsinci tsohon kwanson harsashi a gona ko a daji, siffarsa ta ba shi mamaki, yana son sanin asalinsa. Domin mu fahimci juna, ga sunayen da za mu riƙa amfani da su. Kwanso shi ne bututun tagulla ko ƙarfe da ke riƙe albarushi. Ƙwaya ita ce abin da ke fita idan an harba. Baki shi ne inda ƙwayar take zama, ƙasa da shi wuya, sai kafaɗa inda kwanson ya fara faɗi, sai jiki, sai gindi. Ɗan maɓallin nan da ke tsakiyar gindi, wanda allurar bindiga ke bugawa wuta ta tashi, shi muke kira cibiya. Rubutun da ke kewaye da ita kuma tambarin gindi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina huɗa sai fartanya ta tono mini wani kwanso da ban taɓa ganin irinsa ba. Gindinsa ƙato ne, jikinsa yana tsukewa sosai zuwa sama kamar mazurari. Tsawonsa ya kai milimita 50 da ɗan ɗoriya. Akwai wani zagayayyen kwarmi da ya kewaye cibiyar. Abin da na iya karantawa shi ne ART D, da lamba 2, da 17, sai wasu haruffa da suka goge. Na wace bindiga ne? Daga wani manomi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka taimaka ƙwarai da ka auna tsawon kafin ka rubuto, domin awo ya fi rubutu gaskiya a wannan harka. Tambari yana gogewa, wani ma tun daga masana'anta ba a buga masa ba, amma faɗi da tsawo suna nan.

Siffar da ka kawo ta harsashin Lebel ce, na sojan Faransa, wanda ake rubutawa 8×50R. Lambar farko faɗin ƙwaya ce a milimita, ta biyu tsawon kwanso, harafin R kuma yana nufin gindin yana da leɓe da ya fi jiki faɗi. Ka tabbatar da kanka: leɓen gindin Lebel milimita 16 ne, jikin da ke daf da leɓen kusan 13.8, ƙwayarsa kuma 8.3. Da wuya ka samu wani kwanson bindigar soja mai wannan gajarta da ƙaramin baki da gindinsa ya kai haka.

Dalilin wannan siffa yana cikin tarihinsa. A 1884 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Faransa ta yi gaggawar cin moriyarsa, sai ta ɗauki kwanson tsohuwar bindigarta Gras ta 1874, mai ƙwayar milimita 11, ta matse bakinsa ya koma 8. Gindi ya zauna da girmansa, baki ya ƙanƙance, shi ya sa kake ganinsa kamar mazurari. A 1886 aka fara amfani da shi, kuma shi ne harsashin soja na farko a duniya mai albarushi marar hayaƙi.

Kwarmin da ke kewaye da cibiya kuwa ba ado ba ne. Bindigar Lebel tana jera harsasai 8 a cikin wani bututu da ke ƙarƙashin hancinta, kan wannan yana tokare da gindin na gabansa. Da ƙwayar mai faɗin kai ce babu damuwa. A 1898 aka koma ƙwaya mai tsini da ake kira Balle D, sai aka ji tsoron tsinin na baya ya bugi cibiyar na gaba idan bindiga ta girgiza, harsasai su tashi a hannun mai ita. Sai aka yi wannan kwarmi domin tsinin ya faɗa cikinsa ya kauce wa cibiya. Harafin D da ka karanta na wannan ƙwaya ne, ART kuma taƙaitaccen sunan sashen manyan bindigogi na sojan Faransa, wanda harkar harsasai ke ƙarƙashinsa. Faransawa suna buga zangon shekara da lamba 1 zuwa 4, saboda haka 2 da 17 suna nufin tsakanin Afrilu da Yuni na 1917. Haruffan da suka goge su ne na masana'antar da ta ƙera kwanson da wadda ta kawo tagullar.

Abu ɗaya muke so ka riƙe da kyau: 1917 shekarar ƙira ce, ba shekarar harbi ba. Faransa ta fito da sabon harsashi, 7.5×54, a 1929, amma na Lebel ya ci gaba da aiki har Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, musamman a ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Harsashin da aka ajiye a busasshen wuri yana iya tashi bayan shekaru 40 ko fiye. Haka kuma ba bindigar Lebel kaɗai ke cinsa ba, akwai Berthier, akwai mashingar Hotchkiss ta 1914 da Chauchat. Tambari zai gaya maka wanda ya ƙera da lokacin da ya ƙera. Wanda ya harba da dalilinsa, wannan sai a nemi tarihin wurin.

TAMBAYA: Yarana sun shigo gida da wani abu mai kama da harsashi amma ƙato, tsawonsa ya fi tafin hannuna, kaurinsa ya fi babban yatsa, kuma kansa na nan da ragowar fenti ja da rawaya. Sun ce a bakin rafi suka gani. In jefa shi a rijiya ko in binne? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, kada ki yi ko ɗaya. Ki bar shi inda yake yanzu, ki fitar da yara da kowa daga wurin, ki sanar da 'yan sanda ko sojoji su turo masu kwance bam. Abin da kika siffanta ba kwanso ba ne, cikakken harsashi ne da ba a harba ba, kuma girmansa ya nuna yana iya zama na milimita 20 ko 23, irin na bindigogin kakkaɓo jiragen sama. Daga milimita 20 zuwa sama, ƙwayar kanta sau da yawa tana ɗauke da nakiya da ɗan abin tayar da ita a tsininta, fentin kuma alamar abin da ke ciki ce. Tsufa ba ya kashe irin wannan. Tsatsa tana cinye ƙananan sassan da ke hana shi tashi, wasu sinadaran cikinsa kuma suna ƙara saurin kamawa, har faɗuwa ƙasa ta isa.

Rijiya za ta ɓoye shi ne kawai har ranar da za a yi yasa, binnewa kuma ajiya ce ga mai fartanya na gaba. Ki tambayi yaran daidai inda suka gan shi ki faɗa wa jami'ai, domin inda aka samu ɗaya ana yawan samun 'yan'uwansa.

Ga sauran masu karatu, duba na farko ga duk abin da aka tsinta shi ne baki da cibiya, kuma da ido, ba da hannu ba. Baki a buɗe, ciki fayau, cibiya da ɗan lotsawa a tsakiya: wannan an harba shi, fanko ne. Ƙwaya na nan: yana da rai, ko da cibiyar ta lotsa, domin akwai wanda aka buga bai tashi ba. Baki a buɗe amma cibiya sumul: babu albarushi amma cibiyar na iya fashewa, kada a buga ta da ƙusa, kada a jefa a wuta. Idan kuma kwanson sabo ne yana ƙyalli, ko suna da yawa a warwatse wuri ɗaya, yana iya zama shaidar wani laifi. A ɗauki hoto a bar shi. Dokokin ƙasashe sun bambanta, a wasu ko fankon kwanso aka gani a jakarka a filin jirgi sai ka yi bayani, don haka mai son ajiyewa ya san dokar inda yake.

TAMBAYA: Kwanson da na tsinta yana da baƙaƙen layuka a tsaye, a jere kewaye da wuya da kafaɗa har zuwa rabin jiki, kamar an zana da rula. A gindi akwai FN, da 78, da wata alama kamar gicciye a cikin da'ira. Wani ya ce mini harsashi mai guba ne. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Babu guba ko kaɗan. Layukan ba daga masana'anta suka zo ba, bindigar da ta harba shi ce ta bar sawunta. Bindigar G3 ta kamfanin Heckler & Koch na Jamus tana fara ja da kwanso baya tun matsin iskar albarushi bai gama sauka ba. A wannan lokaci tagulla ta kumbura ta manne da bangon makwancinta, wato ramin da harsashi ke zama a cikin bindiga, idan aka fizge ta haka gindi zai iya tsinkewa ya bar sauran a ciki. Sai aka yanka siraran kwarmi a tsaye a bangon makwancin, domin iskar ta bi ta bayan kwanson ta raba shi da bango. Hayaƙin da ya bi kwarmin shi ne layukan da kake gani. CETME ta Sifen da MP5 da FAMAS ta Faransa duk suna barin irin wannan.

Gicciye a cikin da'ira alamar ƙungiyar NATO ce. FN kamfanin Fabrique Nationale ne da ke Herstal a Beljiyam, 78 kuma 1978. Ka auna: idan tsawon ya kai milimita 51 kuma gindin kusan 12, to 7.62×51 ne, wanda NATO ta amince da shi a 1954. Gindinsa ba shi da leɓe mai fitowa, sai dai kwarmi da ƙugiyar bindiga ke kamawa ta fizgo shi.

Sawun allura ma yana magana. Yawancin bindigogi zagayayyen rami suke bari a cibiya, amma mashingar Bren ta Ingila tana barin dogon rami mai siffar ƙwayar hatsi, tsofaffin samfuran fistol ɗin Glock kuma suna barin alama mai kusurwa huɗu.

TAMBAYA: Nawa ya yi baƙi ƙirin, da kore-kore, ba na ganin rubutun. In jiƙa shi a ruwan batir ko in goge da sanfefa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Duka biyun za su kashe maka abin da kake nema. Zurfin tambarin gindi bai kai rabin milimita ba, sanfefa za ta share shi cikin minti ɗaya. Tagullar kwanso kuwa haɗi ce, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Ruwa mai tsami, ko na batir ne ko khal ko lemun tsami, tutiyar yake fara cinyewa, sai kwanson ya koma ja-ja mai ramuka, haruffa su narke.

Bayan ka tabbatar fanko ne, ka jiƙa shi a ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu na awa ɗaya ko biyu. Ka goge gindin da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ka bi cikin haruffa da tsinken itace, ba allura ba. Ka ɗauraye, ka shanya har cikinsa ya bushe. Sannan ka shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila daga gefe, kusan a kwance da gindin, kana juya kwanson a hankali. Inuwa za ta faɗa cikin haruffan su fito. Idan ba su fito ba, ka goga alli ka share saman da yatsa, farin zai zauna a cikin rami. Ɗaukar hoto da waya a faɗaɗa shi ya fi ƙura ido. Baƙin da ya rage a jiki ka bar shi, shi ne ke kare tagullar.

Ka kuma nisanci man goge tagulla mai warin amoniya. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin kwansonsu yana tsagewa a wuya bayan damina, ba a san dalili ba, sai a 1921 aka bayyana cewa amoniyar fitsarin dawaki ce, saboda a barga ake ajiye akwatunan harsasai lokacin ruwa. Tagullar da aka matsa da ƙarfi, idan ta haɗu da amoniya da danshi, tsagewa take. Saboda haka ne ake gasa wuyan kwanso a masana'anta, kuma launin shuɗi-shuɗi da ake gani a wuyan na soja sawun wannan gashi ne.

Kafin ka jiƙa, ka kusanta maganaɗisu. Idan ya kama, ƙarfe ne da aka shafa wa jan ƙarfe ko fenti, kamar yawancin 7.62×39 na AK-47 da Rasha da Sin suka ƙera. Irin wannan ba ya son daɗewa a ruwa, busasshen buroshi ya ishe shi.

TAMBAYA: Ina da guda biyu masu kama da juna, duka da leɓe a gindi. Ɗaya an rubuta K, 1942, VII. Ɗayan lambobi ne kawai, 188 a sama, 52 a ƙasa. Bindiga ɗaya ce? Kuma abokina yana da wani mai rubutun Larabci. Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam, ba ɗaya ba ce, kuma nan ne ake yawan kuskure. Na farko .303 ne na Ingila (wannan lamba awon inci ce, sauran a milimita): tsawo milimita 56.4, leɓe 13.7, kafaɗa mai gangara a hankali. K kamfanin Kynoch ne na Birmingham, VII kuma samfuri na bakwai, wanda ya fito a 1910. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka daina lambar Rumawa aka koma rubuta 7, wannan kaɗai yana taimakawa idan shekara ta goge. A kan .303 za ka iya cin karo da RG na Radway Green, ko R da L da kibiya a tsakani na Woolwich, ko KF na Kirkee a Indiya, ko DAC na Kanada. Idan Z ya biyo bayan lambar samfurin, garin albarushi ne a ciki maimakon kodayit, wani irin albarushi da yake dogaye-dogaye kamar tsinken tsintsiya.

Na biyu 7.62×54R ne na Rasha, wanda aka fara da bindigar Mosin a 1891 kuma har yau mashingar PK da bindigar Dragunov suna cinsa. Ya fi gajarta, 53.7, amma leɓensa ya fi faɗi, kusan 14.4, jikinsa kuma ya fi kauri. A wancan zamani tsohuwar Tarayyar Sobiyat ba ta rubuta sunan masana'anta, lamba take bugawa: 188 Novosibirsk, 17 Barnaul, 3 Ulyanovsk, 539 Tula, 711 Klimovsk. Naka na 1952 ne. A nan a yi hattara, domin lambar masana'anta ma tana iya zama mai alƙaluma biyu kamar ta shekara. Mai 17 a sama da 60 a ƙasa ba na 1917 ba ne, na Barnaul ne na 1960.

Bambancin milimita 2 ko 3 irin wannan rula ba ta cika nuna shi daidai ba. Ka nemi ma'aunin kauri mai muƙamuƙi biyu da makanikai da masu walda ke amfani da shi. Wurare biyar ake aunawa: tsawo, faɗin leɓe, faɗin jiki daf da gindi, faɗin kafaɗa, da cikin baki. Kwanson da aka harba yana ɗan kumbura, cikin bakinsa kan fi ƙwayar faɗi da kashi 1 zuwa 3 cikin 10 na milimita, bakin kuma shi ke fara lotsewa idan an taka. Gindi ne ba ya sauyawa, shi ya fi cancanta a dogara da shi.

Ka haska cikin kowanne. Rami ɗaya a tsakiyar ƙasa shi ne tsarin Boxer, ƙananan ramuka biyu a gefe tsarin Berdan. Edward Boxer Bature ne ɗan Ingila, Hiram Berdan ɗan Amurka, dukansu a 1866 suka yi rajistar ƙirarsu, amma Amurka ta rungumi ta Boxer, sojojin Turai da Rasha suka rungumi ta Berdan. Naka biyun, ramuka biyu za ka gani.

Na abokinka kuwa, ya lura da kalanda. Masar da Iraƙi da Siriya sun fi buga shekarar Miladiyya da lambobin Larabci. Iran tana bin Hijirar rana, sai a ƙara 621. Daular Usmaniyya ta yi amfani da kalandar Rumi, a ƙara 584, wato 1331 ta zama 1915. Wanda ya lissafa su da Hijirar wata zai kauce da shekaru.

TAMBAYA: Nawa ɗan ƙarami ne, bai kai gaɓar yatsa ba, babu cibiya sam, bakinsa a tattare kamar tauraro da ɗigon jan fenti. Na kuma taɓa ganin wani mai ɗan tsinke da ya fito ta gefen gindi. Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, rashin cibiya yana nufin sinadarin tayar da wuta yana cikin leɓen ne, allura kuma gefen gindi take bugawa. Ki duba bakin leɓen, idan an harba za ki ga ɗan tsagi. Mafi yaɗuwa a wannan iri shi ne .22 dogo na 1887, mai kwanson milimita 15.6. Amma baki mai tauraro yana nuna tun asali babu ƙwaya. Mai wannan ƙanƙanta da fenti, galibi na bindigar kafa ƙusa ne da magina ke harba ƙusa cikin kankare da ita, launin kuma yana nuna ƙarfin albarushin. Idan tauraron a rufe yake ruf, ba a harba shi ba, yana da albarushi. Sojoji ma suna da manyan irinsa na atisaye, masu ƙara babu ƙwaya.

Mai tsinke a gefe tsohon gaske ne. Ƙirar Casimir Lefaucheux ce, maƙerin bindiga na Faris, tun shekarun 1830. Gudumar bindiga tana bugun tsinken daga sama, shi kuma ya bugi sinadarin da ke ciki. An yi shi na fistol a milimita 7, 9 da 12, da na bindigar farauta mai jikin takarda, wanda gindin tagullar kaɗai ke saura a ƙasa bayan takardar ta ruɓe. Idan na farauta ne za ki ga lamba 12 ko 16 a gindin. Wannan ba milimita ba ce: adadin dunƙulen darma masu faɗin bututun bindigar ne da za su cika laba ɗaya, shi ya sa 12, mai faɗin kusan milimita 18.5, ya fi 16 girma. Mai tsinken da har yanzu ƙwayarsa ke ciki ya fi sauran ƙananan harsasai saurin tashi idan ya faɗi a kan tsinken, don haka kada a saka shi a aljihu ko a bar shi yana gangarawa a kan tebur.